Baka da kwarin kasuwannin ƙasar Kabi: bakan ya yi, kiban ne ke ɓata saiti

Mai zaga kasuwannin ƙasar Kabi, daga Argungu zuwa Jega har can ƙasar Zuru, ba ya rasa ganin baka da kwari an jingine su kusa da rumfunan maƙera ko wajen masu kayan farauta. Galibi a haɗe ake sayar da su: baka ɗaya da tsirkiyarsa, kwarin fata ko na icce, da kibau a ciki. Tambayar da mai saye ke yi ita ce ko wannan kaya yana saiti. A ganina bakan mafarauta da ake sassaƙawa a ƙauyukanmu ya cancanci kuɗinsa, kuma tsakanin taku 10 zuwa 25 yana iya zuba kibau a wurin da bai wuce faɗin faifai ba. Amma yadda ake miƙo shi daga rumfa ba zai yi haka ba. Sai mai shi ya zauna ya tace kibau, ya daidaita tsirkiya, sannan ya horar da hannunsa.

Ba baƙon makami ba ne a wannan ƙasa. A yaƙin Tafkin Kwatto na 1804, inda Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda daga baya ya zauna Gwandu, ya jagoranci jama'ar Shehu, 'yan baka ne suka tsaya wa dawakin Gobir. Wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta a Argungu zai ga tsofaffin bakuna da kibau cikin kayan yaƙin da aka adana. Ƙirar da ake sayarwa yau ba ta yi nisa da waɗancan ba: icce guda ne aka sassaƙe, ba haɗi, ba wurin ɗora kibiya sai bayan hannun maharbi.

Bakan ado, wanda ake naɗe shi da jar fata da koriya daga kai har gindi ana yi masa tuntaye, na rataya a falo ne. Fatar tana ɓoye tsaga da ƙulli, kuma sau da yawa iccen da ke ciki ba a zaɓe shi don ja ba. Mai son harbi ya wuce shi.

Bakan aiki tsirara yake, ko kuma a ɗan naɗe mariƙinsa da kawunansa biyu. Tsawonsa yakan kama daga mita 1.2 zuwa 1.5, wato kamu uku ko ƙasa kaɗan. Ɗunɗu da dargaza suna cikin itatuwan da suka karɓi wannan aiki, don suna lanƙwasa su koma yadda suke, akwai kuma na gora. Na ɗunɗu ya fi nauyi a hannu, ya fi kuma jimiri. Na gora ya fi sauƙin ja ga mai koyo, sai dai yana saurin sanyi in an yawaita barinsa a ɗame. Babban aibin da na fi gani a rumfuna shi ne ɗanyen icce. Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to a harkar baka nan matsalar take, domin wanda aka ɗaura wa tsirkiya bai gama bushewa ba yakan riƙe tanƙwarar har abada. Ka ce wa mai rumfa ya kwance tsirkiyar. Idan bakan ya miƙe, ko ya rage ɗan lanƙwasa da ba ta wuce yatsa biyu zuwa uku ba in ka jingina shi da bango, ya bushe. Idan ya tsaya kamar jinjirin wata, ƙarfinsa ya riga ya tafi, kibiyarsa za ta riƙa fita a sanyaye tana faɗuwa kafin ta kai.

Akwai dubawa biyu da ba a tsallakewa. Ta farko, a ɗaura tsirkiya, ka ɗora kai ɗaya a ƙasa, ka leƙa daga ɗaya kan kamar mai duba miƙewar azara. Tsirkiya ta ratsa tsakiyar mariƙi. In ta kauce gefe, bakan zai riƙa juyawa cikin tafin hannu duk lokacin da aka ja, kuma ba irin idon da zai gyara wannan. Ta biyu, ka ba wani ya ja a hankali kai kana gefe kana kallo. Ɓangaren sama da na ƙasa su lanƙwasa tare, lanƙwasar ta bazu ko'ina. Inda ka ga wuri guda ya yi gwiwa sauran icce na tsaye, nan zai karye wata rana. Sannan ka bi bayan bakan da yatsa, wato fuskar da ke kallon abin harbi. Nan ne icce ke miƙewa idan an ja, saboda haka sarar wuƙa ko ramin gara ko ƙullin da aka aske a wannan fuska ya isa ka ajiye shi ka ɗauki wani.

Maganar ƙarfi, masu saye da yawa suna cutar kansu. Saurayi zai zaɓi wanda ya fi tauri don a ce ƙato ne, ya koma gida hannu na rawa. Ana iya auna ƙarfin baka da sikelin rataye irin na masu kifi: a saƙala ƙugiyar a tsakiyar tsirkiya, a ja daidai inda maharbi ke kaiwa, a karanta. Kilo 12 zuwa 15 ya ishi mai koyo. Wanda hannunsa ya faɗa yana iya hawa 18 zuwa 25. In ba sikeli, ka ja har bakinka ka ƙirga biyar. Kafaɗa ta ɗaga ko hannu ya fara kyarma, bakan ya fi ƙarfinka.

Tsirkiyar da ke zuwa da shi iri biyu ce, ta murɗaɗɗiyar fata da ta igiyar nailan. Ta fata tana da daɗin saki, ba ta da ƙara, kuma da rani ba ta da laifi. Da damina ne take ba da kunya, musamman a fadamun Argungu da bakin ruwan Yawuri inda raɓa ke da yawa: tana shan danshi ta saki, tazarar da ke tsakaninta da mariƙi ta ragu, saitin jiya ya ƙi aiki yau. Nailan ruwa bai dame ta ba, amma siririya tana miƙewa kamar roba ta cinye wa kibiya gudu, ga yankan yatsu. In za a sa ta, a nemi mai kauri, a murɗa, a shafe ta da kakin zuma. Kowace iri ce, tazarar nan ita ce abin lura. Ka dunƙule hannu a kan mariƙi ka miƙe babban yatsa, ya kusa taɓa tsirkiya, kimanin santimita 13 zuwa 15. Ta yi ƙasa, tsirkiya ta riƙa dukan wuyan hannu, kibiya ta fita tana rawa. Ta yi sama, icce ya wahala, gudu ya ragu. Gyaran bai wuce a kwance a ƙara murɗi ko a rage ba. Abin da ba na samu a ko ɗaya daga cikin na kasuwa shi ne alamar inda gindin kibiya ke zama a kan tsirkiya. Kai za ka yi da kanka: ka ɗana kibiya ta kwanta daidai, ka ɗaga gindin sama kamar rabin santimita zuwa ɗaya, ka naɗa zare a nan ka ƙulle. Wannan ɗan zaren kaɗai yana rage hawa da saukar da mai koyo ke fama da su.

Yanzu kibau, inda kayan ya fi rauni. Sandar kibiya ta kyauro ce, wanda a nan ake ce wa kyamro, tsawonta santimita 60 zuwa 75. Maƙeri ya ƙera kan ƙarfe mai kunne da doguwar wutsiya, a cusa wutsiyar cikin kyauro, a naɗe da jijiya ko zare, a bi da ƙaro. Ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi. Tunda ba gashi, nauyin kai ne kaɗai ke riƙe ta ta tafi a miƙe. Ka ɗora kibiya a kan yatsa ka nemi inda take tsayawa ba ta rinjaya ba. Wurin ya kasance can gaba, wajen kashi ɗaya cikin uku daga tsini. Wadda ke tsayawa a tsakiya kanta ya yi sauƙi, za ta fita ta juya gefe ta bugi buhun da ake harbi da ciki.

Laifin masu haɗa kwari shi ne suna cika shi da abin da ya samu. A kwari ɗaya sai ka tarar da doguwa da gajeruwa, mai kauri da siririya, kan wannan ya kusa ninka na waccan nauyi. Mafaraucin da ke raɓowa kusa da dabba, kuma a da yana dogara ga dafi ya ƙarasa aiki, bai damu da wannan ba, shi ya sa ake cewa harbi a wutsiya ya fi kuskure. Mai neman saiti kuwa dole kibansa su zama 'yan uwan juna. Kada ka karɓi kwari yadda aka cika shi. Ka roƙi mai rumfa ya zube duk kiban da yake da su a tabarma, ka zaɓi goma ko sha biyu masu tsawo ɗaya da kauri ɗaya, ko da zai ɗora maka wani abu a kai. A gida ka auna su a ƙaramin sikeli irin na masu zinari, ka ware waɗanda bambancinsu bai wuce giram 2 ba. Ka mirgina kowace a kan tebur ko shafaffen siminti. Mai tsalle ta karkace, ana miƙe ta a kan garwashi: a ɗumama wurin har ya yi laushi ba tare da ya ƙone ba, a danna da babban yatsa, a riƙe har ya huce. Ka juya ta a tafin hannu a kan tsininta, kan da aka cusa a karkace zai nuna kansa da rawa.

Sai taurin sanda, wanda mutane kaɗan ne ke lura da shi. Lokacin da aka saki tsirkiya, kibiya tana lanƙwasa ta kewaye mariƙin baka kafin ta miƙe, tunda mariƙin ya tare mata hanya. Ga mai ja da dama wanda ya ɗora kibiya a hagun baka, sandar da ta yi tauri da yawa tana tafiya hagu, mai laushi da yawa tana tafiya dama. Wanda ya ɗora a daman baka, akasin haka zai gani. Mai tauri ana sassauta ta da kai mai nauyi, mai laushi kuma a rage mata tsawo kaɗan. Hanya mafi sauƙi ita ce a rubuta lamba a jikin kowace kibiya, a harba su duka sau biyar daga taku 10, a lura. Lambar da kullum take barin 'yan uwanta, a fitar da ita daga kwari. Daga sha biyu in ka tsira da shida masu faɗawa wuri ɗaya, ka yi ciniki mai kyau.

Kan mai kunne ba na koyo ba ne. Yana yaga buhu, kuma wajen zaro shi ake tsinke naɗin jijiya. Ka kai wa maƙeri irin wannan kan guda ɗaya ya ƙera maka masu tsini marasa kunne daidai nauyinsa. Abin harbi kuwa, a ƙasar shinkafa ba a wahala: buhu a danƙare shi da ɓuntu, a jingina shi gaban tudun yashi ko tsohuwar katanga inda mutum ko dabba ba sa giftawa ta baya.

Saitin kansa, wanda manya ke ce wa bara, yana farawa ne da sanin idon da ke jagora. Ka miƙe hannu biyu, ka haɗa su ka bar ɗan rami, ka hango wani abu ta ciki da ido biyu a buɗe, sannan ka rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai gushe masa ba shi ne jagora, kuma ta wannan gefen ya kamata ka ja. Mai idon hagu da ke ja da dama zai yi ta zuba kibau gefe guda yana zargin baka.

Ka tsaya da gefe, kafaɗar hannun baka tana kallon buhu, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa. Mariƙi ya zauna a tsokar gindin babban yatsa, yatsu su kewaye shi sako-sako. Matse shi kamar ƙotar fartanya yana murɗa baka a lokacin saki. Ka ɗan kwantar da kan bakan, don kibiya ta zauna a bayan hannu kuma icce ya bar maka gani. Ja iri biyu ake yi. Mai yatsu uku, ɗaya sama da gindin kibiya biyu ƙasa, kibiyarsa a hagun baka take in da dama yake ja. Mai saƙala babban yatsa ya danne shi da manuni, tasa a dama take. Akwai masu tsunkule gindin kibiya da yatsu biyu, wannan yana fita da tsabta a baka mai laushi, amma da ƙarfi ya wuce kilo 12 ko makamancin haka sai kibiya ta riƙa kuɓucewa kafin lokaci.

Inda hannun ja ke tsayawa shi ne rabin saiti. Yawancin masu harbi da gajeren baka suna ja zuwa ƙirji su saki a iska, yau nan gobe can. Ka zaɓi wuri a fuskarka da yatsa zai taɓa kowane harbi, kusurwar baki ta fi sauƙi. In bakan gajere ne har yana ƙin kaiwa can, kada ka tilasta shi: ka ɗan lanƙwasa gwiwar hannun baka, ka naɗa zare a jikin kibiya a inda take taɓa bayan hannunka idan jan ya cika, ka riƙa jin zaren kafin ka saki. Dalilin wannan naci lissafi ne. A ce kibiya tana fita da gudun mita 40 a daƙiƙa. Mita 10 za ta ci rubu'in daƙiƙa, ta sauka kimanin santimita 30. Mita 20 rabin daƙiƙa, saukar ta haura mita 1.2. Mita 30 kuwa ta doshi mita 3. Ninka nisa yana ninka sauka sau huɗu. Don haka ragin yatsa biyu a ja, wanda a taku 10 ba za ka ma lura da shi ba, a mita 20 yana iya saukar da kibiya fiye da rabin taƙi. Wannan lissafin ne kuma ya sa nake cewa iyakar wannan kaya taku 25 ce ga mai son tabbas. Bayan nan kuskure kaɗan a ƙiyasin nisa ya isa kibiya ta wuce sama ko ta ci ƙasa.

Auna abin harbi hanya biyu ce. Tsofaffin maharba ba sa kallon kibiya, suna kafa ido a ɗigo guda ne, hannu ya bi ido. Wannan yana zuwa bayan dubban harbi, kuma ya fi amfani ga abin da ke motsi. Mai koyo ya fara da tsinin kibiya. Tunda ido yana sama da gindin kibiya, idan ka ɗora tsini daidai kan abin da kake so a kusa, kibiya za ta wuce ta sama. Saboda haka tsini ƙasa yake zama. Ga yadda za ka gano naka: ka kafa ɗan dutse a ƙasa gaban gindin buhu, daga taku 10 ka ɗora tsini a kan dutsen, ka harba shida ba tare da ka canja komai ba, ka auna daga dutsen zuwa tsakiyar inda suka taru. Wannan tazarar ita ce taka a taku 10, kuma ga mai tsayawa a kusurwar baki takan kai kamu biyu. Ka maimaita a 15, 20 da 25, ka rubuta. Za ka ga tazarar ta ƙaru, ta tsaya, sannan ta fara raguwa, har a kai wani nisa inda tsini da abin harbi ke haɗuwa. Ido biyu a buɗe, kallo a kan ɗigon, tsini kuma a gefen gani. Kuma ɗigon ya zama ƙarami, kamar murfin kwalba da aka liƙa a buhu. Mai auna buhu gaba ɗaya ba shi da inda ya auna.

Bakan icce ba ya son a daɗe riƙe da shi a jaye, yana rasa ƙarfi a hannu. Daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, sai saki. Yatsu su saki kansu kawai, hannun ya zame baya ta gefen kunne, hannun baka kuma ya tsaya cak har ka ji kibiya ta shiga.

Buhu yana gaya maka laifinka in ka iya karanta shi. Kibau sun jeru sama da ƙasa, jan ne ba ɗaya ba, ko gindin kibiya yana yawo a tsirkiya. Sun jeru hagu da dama, ko dai kana fizgar tsirkiya gefe wajen saki, ko kana matse mariƙi, ko taurin sanduna ya bambanta. Duk sun yi ƙasa, kana sauke hannun baka don ka ga inda ta faɗa, ko hannun ja yana zamewa gaba kafin saki. Sun taru wuri ɗaya amma ba inda kake so ba, wannan abin murna ne, auna kawai za a matsar. Kada a gyara abu biyu a harbi ɗaya. Kuma kibau 30 zuwa 40 a rana cikin natsuwa sun fi 100 da gajiyayyen hannu.

Hunturu yana da nasa sharri. Iskarsa tana kwasar kyauro saboda rashin nauyi, gara a yi koyo da sassafe ko dab da magariba, kuma bushewarsa tana tsaga icce. A shafa wa baka man kaɗe kaɗan-kaɗan, a goge, a kwance tsirkiya da zarar an gama harbin ranar, a kwantar da shi a inuwa nesa da murhu da kwanon rufi. In ya kwana biyu ba a taɓa shi ba, a fara da rabin ja sau goma kafin a cika. Kada a taɓa sakin tsirkiya ba kibiya, ƙarfin yakan koma cikin icce ya fasa shi. Kafin kowane harbi ka ɗan lanƙwasa kibiya kusa da kunnenka. Ka ji ƙas, ka karya ta ka yar, domin tsagaggen kyauro yana tarwatsewa ya shiga bayan hannu.

Abin da na yaba wa masu sassaƙar nan shi ne suna jin magana. In ka ba da saƙo maimakon ɗaukar na rumfa, ka faɗi tsawon janka da ƙarfin da kake so, ka kuma ba da lokaci icce ya bushe, abin da za ka samu ya fi na kasuwa nesa, kuma baka mai ɗan rinjaye a ɓangare ɗaya suna iya kankare shi su daidaita. A halin tsaron da ake ciki, wanda zai riƙa fita da baka ya sanar da mai gari ko Sarkin Baka na yankinsa, kada kuma ya bi hanya da shi a ɗame.

Sai ka tambaya ƙarara ko an shafa wa kiban dafi, musamman in tsohon kwari ne da ya fito daga hannun mafarauci. Baƙin abu mai kama da danƙo da ya daskare a bayan kunnuwan kai shi ne alamarsa. Dafin tsiron kwankwani da ake shafa wa kibau zuciya yake tsayarwa, kuma tsufa ba ya sa a amince da shi. Irin wannan kwari ba ya shiga gidan da ke da yara, kuma ba a zura hannu cikinsa, juye shi ake yi a ƙasa a duba kibau ɗaya bayan ɗaya.